Darasi: Koya wa Ma'aikatan Mota Iya Magana

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, mukan bincika taya da birki kafin mota ta tashi, amma ba mu cika bincika bakin direba da yaron mota da ɗan dako ba. Alhali kuwa baki shi ke yanka wuya.

Ku tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairu 2021. Gardama ce ta tashi tsakanin ɗan dako da mai shago a kan kayan da suka zube, ta zama tarzoma, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone shaguna. Daga baya aka tsai da kai abinci Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsada a Ikko, ya faɗi warwas a Arewa. To, ga abu huɗu da ya wajaba maigida ya koya wa yaransa.

Na ɗaya, ba da labari da wuri. Daga Kano zuwa Ikko kusan kilomita 1,000 ne, tumatir kuwa ba ya jira. In mota ta lalace a Mokwa ko Jebba, direba ya buga waya nan take, ya faɗi gaskiyar inda yake, don mai kaya ya nemi wata mota ko ya sayar a kusa. "Ga mu nan tafe" ta ƙarya ta ruɓar da kwanduna da yawa.

Na biyu, saurare. Yaro ya maimaita adadin buhu da sunan mai karɓa a gaban mai kaya, a rubuta.

Na uku, haƙuri a garin mutane. Ya iya gaisuwa da ban haƙuri cikin harshensu. "E ma binu" da Yarbanci, watau kada ku yi fushi, takan kashe wuta tun tana ƙarama.

Na huɗu, in rigima ta fi ƙarfinsa, ya rufe baki, ya kai magana wurin sarkin tasha ko shugabannin kasuwa.

Yadda za a koyar kuwa, faɗa kaɗai ba ya isa. Ranar da babu lodi, maigida ya zama mai kaya mai fushi, yaro ya amsa masa, sauran su gyara. A yi haka sau da yawa har bakinsa ya saba. Wanda ya ƙware, a ƙara masa lada, don saura su gani su yi koyi.