Yadda Ake Haɗa Teburin Tunawa da Mamaci a Meziko

Idan ƙarshen Oktoba ya riske ka a gidan mutanen Meziko, za ka ga an ture kujerun falo gefe ana jera akwatuna. Teburin tunawa da mamata ake haɗawa, wanda suke kira ofrenda, don ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Ta farko ta yara ce, ta biyu ta manya. A 2008 UNESCO ta sanya wannan biki na tunawa da mamata cikin jerin al'adun gado na duniya. In suka ce ka kama musu, ga yadda aikin yake.

A jera akwatunan hawa-hawa, a lulluɓe da ƙyalle. Hawa biyu sama da ƙasa ke nan, wasu kan yi uku, wasu har bakwai. Hoton mamaci can sama yake zama. A ajiye kofin ruwa, domin a imaninsu mamacin yana zuwa ziyara, ya sha hanya, da ƙishirwa zai iso. Sai ɗan gishiri, da kyandir, da ƙaron copal a kaskon turare. Furen cempasúchil mai ruwan goro kuwa tsittsinke shi ake yi, a barbaɗa tun daga bakin ƙofa har gindin tebur, ya zama hanya.

Abinci ne ke nuna gidan da ya san mutuminsa. Burodin pan de muerto, mai siffar ƙasusuwa a samansa da sukari a jiki, kowa na iya saye a kasuwa. Amma idan marigayiya miyar mole take so da yaji sosai, to haka za a dafa ta. A ɗauko tabaraunta da kofin da take shan kofi, ko da bakinsa ya ɓantare. Yaro a sa masa alewa da abin wasansa. A ganina tebur mai hawa biyu da kayan mamaci na gaske ya fi mai bakwai da aka cika da kayan kanti.

A kula da wuta. Takardar ado mai huje-huje da ake ratayawa sama ba ta da kauri, a nisanta ta da kyandir.

Kai kuma baƙo, kada hannunka ya kai ga abincin sai bayan 2 ga wata, lokacin da iyali ke raba shi. In addininka bai bar ka ka sa hannu ba, faɗa musu cikin ladabi, sannan ka tambaye su wane ne a hoton.