Hukuncin Direban Da Ya Sha Tabar Wiwi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinsa su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, waɗansu direbobi suna da'awar cewa tabar wiwi ganye ce kawai, ba giya ba, har ma tana kore musu barci a doguwar tafiya. To, wannan da'awa ba ta da madogara a shari'a. Allah Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa duk abin da ke sa maye hukuncinsa na giya ne.

Malamai sun haɗu a kan haramcin shan wiwi domin gusar da hankali, saɓaninsu a kan irin horon ne. Shaihu Ibn Taimiyya yana ganin a yi wa mai shanta haddin giya. Amma Imam Ƙarafi, malamin mazhabar Malikiyya, ya lissafa ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali, saboda haka horonta ta'aziri ne, wato gwargwadon abin da alƙali ya ga zai tsawatar.

Likitoci kuwa sun tabbatar da cewa wiwi tana jinkirta hanzarin mutum, tana rikita masa kimanta nisa da gudu. Kafin ƙafarsa ta kai ga birki, aikin gama ya gama.

A nan nauyi na biyu yake hawa kansa. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa mai hawa dabba, da mai janta, da mai korarta, su ke lamunin abin da ta tattake. Malaman zamani sun yi ƙiyasin mota a kan haka. Idan rai ya salwanta, mafi ƙarancin abin da zai biyo baya shi ne hukuncin kisan kuskure na Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga magada, raƙuma 100 ko dinari 1,000, da kaffarar 'yanta bawa mumini, in babu, azumin wata biyu a jere. Maye ba ya zama uzuri, domin shi ya jawo wa kansa.

Dokar ƙasa ma ba ta ƙyale shi ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, da Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi a 1989. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya tuƙa mota cikin maye.

Saboda haka wajibi ne mai mota ya binciki wanda yake damƙa wa makulli, shugabannin tasha su hana mashayi lodi, fasinja kuma ya sauka in ya ga alama. Rayukan da ke cikin mota amana ce, kuma za a tambayi direba a kansu ranar alƙiyama.

Allah Ya shiryi masu wannan ɗabi'a, Ya kiyaye matafiya, amin.