Lissafin Wutar Lantarki

Ran Talata da ta wuce da dare muna cikin nazari a ɗakinmu na kwana, sai muka ji ƙaurin roba. Ko da muka duba, ashe igiyar wutar da muka jawo daga bango ce ta ɗauki zafi har ta soma narkewa. Wani ya sa dutsen guga, wani kuwa butar shayi, duk a kanta. Da gari ya waye muka kai wa malaminmu labari, muna tsammani zai yi mana faɗa. Sai ya miƙo mana alli, ya ce mu tafi allo mu lissafa abin da ya faru da kanmu. Wannan lissafin ne mu ke so mu kawo wa 'yan'uwanmu a nan.

Wutar lantarki cikin waya kamar ruwa ce cikin bututu. Tanki in yana bisa ƙwarai, ruwan ya kan sauko da matsi mai yawa. To, wuta ma tana da nata matsi, ana auna shi da bolt, don tunawa da Bolta mutumin Italiya, wanda ya ƙaga batir a 1800. Yawan wutar da ke wucewa kuwa shi mu ke kira gudu, ana auna shi da amfiya. Sa'an nan kamar yadda siririn bututu ya kan tsare ruwa, haka ko wace waya ta kan yi wa wuta turjiya. Ita ana auna ta da om, sunan wani Bajamushe, malamin makaranta, wanda ya bayyana dokarta cikin littafinsa na 1827. Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, watau yawan zafi ko haske ko motsin da wutar ke bayarwa ko wace daƙiƙa, ana auna shi da wat.

Biyun farko kaɗai mu ke bukatar aunawa. Ma'aunin bolt a kan jingina wayoyinsa biyu a bakunan abin da a ke aunawa. Amma ma'aunin amfiya sai an raba waya an sa shi tsakani, don dukan wutar ta bi ta cikinsa. Wanda ya kuskure ya ɗora shi kai tsaye bisa bakunan batir, lalle zai ɓata shi. In an sami waɗannan biyu, saura duk aikin alli ne, dokokin kuwa biyu ne tak.

1. A raba matsi da gudu, abin da ya fito shi ne turjiya.
2. A ninka matsi da gudu, abin da ya fito shi ne ƙarfin aiki.

Alal misali, ga ƙwan fitilar mota bisa batir mai bolt 12, yana jan amfiya 2. Turjiyarsa 12 a raba 2, watau om 6. Ƙarfin aikinsa 12 sau 2, watau wat 24. Amma a lura, wannan turjiyarsa ce sa'ad da ya ke ci. In ya huce ta kan ragu ƙwarai, gama ƙarfe ya kan ƙara turjiya in ya yi zafi.

To, mu komo ɗakinmu. Wutar bango bolt 230 ce. Dutsen gugan yana jan amfiya 5, saboda haka turjiyarsa om 46, ƙarfinsa wat 1,150. Butar tana jan amfiya 10, turjiyarta om 23, ƙarfinta wat 2,300. A nan da yawanmu muka yi tuntuɓe, don mun zaci abin da ya fi turjiya shi ya fi cin wuta. Ashe ba haka ba ne. In matsi ɗaya ne, mai ƙaramar turjiya shi ke barin wuta ta wuce da yawa.

Saura igiyar kanta. Doguwa ce siririya, mu ƙaddara turjiyarta om 1. Da dutsen guga kaɗai, amfiya 5 ke bi ta cikinta, sai ta cinye bolt 5, 5 sau 5 kuwa wat 25, ɗan ɗumi ke nan. Da aka ƙara buta gudun ya kai kamar amfiya 15, ta cinye bolt 15, 15 sau 15 kuwa wat 225. Gudu ya ninka sau uku, zafi ya ninka sau tara. Ga fa inda ƙaurin ya fito.

Wani zai ce, ina fis, wanda aikinsa ne ya tsinke in gudu ya yi yawa? Da muka kwance kan igiyar, sai muka tarar wani ya riga ya fid da shi, ya cusa guntuwar waya mai kauri a gurbinsa. Muka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce kanzil.

Gobe mu ne za a aika makarantu, a damƙa mana yara da ɗakunan kwanansu. Rigakafi ya fi magani. Kafin mu sa wani abu a bango, mu karanta wat ɗin da aka rubuta a jikinsa, mu raba da bolt, mu ga ko igiyar za ta ɗauka.

Ga tambaya ga masu karatu. Murhun lantarki yana jan amfiya 4 bisa bolt 230. Nawa ne turjiyarsa, nawa ne ƙarfinsa, ana kuwa iya haɗa shi da butar nan bisa igiya mai ɗaukar amfiya 13? Wanda ya samo amsa ya kai wa Edita.