DARASIN KASUWANCI: Yadda Ake Gina Amana Da Abokan Ciniki Ta Wayar Hannu Da Intanet

Duk wanda ya shiga kasuwar Mile 12 da ke Legas, ko kasuwar Bodija da ke Ibadan da sassafe a 'yan shekarun nan, zai lura da wata sabuwar al'ada. Tun kafin 'yan dako su gama sauke kaya daga mota, yaron shago ya riga ya ɗauki hoton kwandunan tumatir ko buhunan albasa ya ɗora a WhatsApp, kafin hantsi kuma masu gidajen abinci da 'yan sari sun fara bugowa suna tambayar farashi. Galibin 'yan kasuwarmu sun ɗauki wannan aiki a matsayin talla kurum. Darasinmu na yau zai nuna cewa al'amarin ya wuce nan, domin abin da ɗan kasuwa ke wallafawa kullum, da yadda yake amsa wa mutane, su ne ke gina masa amana ko su rushe ta. Ita kuwa amana jari ce, har ma ta fi kuɗi wuyar tarawa.

Tushen Matsalar

A kowane ciniki, mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Shi ya san ko albasar da ke ƙasan buhu daidai take da ta sama, shi ya san ko shaddar za ta zuba idan an wanke. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin illar wannan a shekarar 1970, inda ya kafa misali da kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai masu kayan ƙwarai su ja da baya, kasuwa ta koma hannun masu algus. Wannan nazari na daga cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001.

A cinikin waya matsalar ta fi tsanani, domin mai saye ba zai taɓa kaya ba, ba zai sansana ba, sau da yawa ma sai ya tura kuɗi kafin a ɗora masa kaya a mota. Saboda haka tambayar da ke ransa ba ta tsaya ga farashi ba. Babbar tambayarsa ita ce: wane ne wannan mutumin, kuma zai cika alkawari?

Yadda Magabata Suka Yi

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce ga Bahaushe. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da masu koro shanu zuwa Kudu, duk sun yi ciniki da mutanen da ba yarensu ɗaya ba, a garuruwan da ba nasu ba. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 inda ya bayyana yadda tsarin yake. Falke kan sauka a gidan maigida, dillalan maigida su sayar da shanunsa ga mahauta, yawanci bashi. Maigida ne ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, shi ne kuma ke tsaya wa baƙonsa idan kuɗi suka maƙale. Idan ya ci amanar falke ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa, baƙi su ƙaurace wa gidansa. Ke nan abin da maigida ke ci da shi abu biyu ne: sanin mutane, da kuma sunansa.

Abin Da Waya Ta Canza

An fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya a 2001. Amfanin farko da ɗan kasuwa ya samu shi ne sanin farashi ba tare da ya taka ƙafa ba. Wani bincike da Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa shigowar waya tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Daga baya, a 2011, bankunan ƙasar nan suka fara tsarin tura kuɗi nan take, sannan ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya tilasta wa hatta ƙananan 'yan kasuwa karɓar taransifa. Shi kuma WhatsApp ya fito da sitatus, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, a 2017, ya kuma fito da manhajar WhatsApp Business a 2018.

To, waya tana kai farashi, tana kai hoto, tana kai kuɗi. Abin da ba ta iya kaiwa da kanta shi ne shaidar halin mutum. Aikin da maigida ke yi wa falke a da, yanzu ya zama wajibi kowane ɗan kasuwa ya yi wa kansa, ta hanyar abin da jama'a ke gani daga gare shi yau da gobe.

Abin Da Ya Kamata A Riƙa Wallafawa

Na farko, kaya kamar yadda suke. A ɗauki hoto a cikin shago da hasken rana, a rubuta farashi da ranar da aka ɗauka. Idan kaya na da aibi a faɗa, a kuma sanya masa kuɗinsa daban. Ɗauko hoton kayan wani daga intanet a ce na shago ne, shi ne mafarin zubewar mutunci.

Na biyu, labarin kasuwa. Mota nawa ta shigo yau, daga ina, me ya sa farashi ya tashi ko ya sauka: damina ce ta rage tumatirin rani, ko kuɗin man dizal ne ya ƙaru, ko hanya ce ta lalace. Mai gidan abinci da ke samun irin wannan bayani daga gare ka kowace safiya zai riƙa duba sitatus ɗinka ko da ba ranar sayayyarsa ba ce.

Na uku, ilimin sana'a. Yadda ake gane albasar da ta bushe sosai za ta yi ajiya, yadda ake adana wake kada ƙwari su ci, yadda ake bambance ragon da aka yi wa kiwo da wanda aka cika wa ciki da ruwa. Wasu na tsoron cewa wannan tona asirin sana'a ne. A gaskiya mai kayan ƙwarai shi ne ke cin ribar wayewar mai saye, mai algus ne ke asara.

Na huɗu, shaidar cika alkawari: hoton kaya ana lodi, da saƙon wanda ya karɓa lafiya, bayan an nemi izininsa, an kuma rufe lambarsa da sunansa.

Muhimmin sharaɗi a nan shi ne ɗorewa. Ɗan damfara na iya ƙawata shafi na mako biyu, amma zai yi masa wuya ya shekara biyu yana nuna shago ɗaya, da fuska ɗaya, da lambar waya ɗaya. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne ke zama shaida. Don haka hoto biyu ko uku kowace rana sun fi guda hamsin a yini ɗaya sannan a ɓace wata guda.

Ladabin Mu'amala

Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A waya, fuskar ɗan kasuwa ita ce amsarsa. Wanda ya tambayi farashi a amsa masa da wuri, a gaishe shi, ko da an san ba lallai ya saya ba. Idan abokin ciniki Bayarabe ne ko Ibo, 'yar gaisuwa da harshensa tana da tasiri, sauran bayani kuma a yi shi da harshen da duka biyu ke fahimta. Saƙon murya yana da amfani ga wanda karatu ke ba wuya, amma da zarar an daidaita, a rubuta adadi da farashi da kuɗin mota da ranar isowa a saƙo ɗaya, ɗayan ya amsa. Wannan rubutu shi ne shaida ranar da aka samu saɓani.

Har ila yau, kada a raina wanda ba a shaƙu da shi ba. Mark Granovetter, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya nuna a 1973 cewa sabon labari mai amfani, kamar na samun aiki, ya fi zuwa wa mutum daga waɗanda ya sani sama-sama, domin na jikinsa abin da ya sani shi suka sani. Direban tirela, tsohon abokin makaranta, ma'aikacin banki da ya ajiye lambarka, kowannensu na iya haɗa ka da babban mai saye. Taya su murnar suna ko biki, da yi musu ta'aziyya, da yaba kayan maƙwabcinka idan ya wallafa, duk shuka ce. Sai dai zumunta a ƙafa take: manyan abokan ciniki a riƙa kai musu ziyara ko da sau ɗaya a shekara.

Abin da za a guje wa shi ne cusa mutane cikin zauren talla ba da izininsu ba, da damun su da saƙonni cikin dare, da bai wa wani lambobinsu. Ban da kasancewarsa rashin ladabi, tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a.

Mu Yi Lissafi

A ɗauka kana da mai gidan abinci da ke sayen buhu 10 duk wata, ribarka a kowane buhu Naira 2,000. A wata ka samu Naira 20,000, a shekara Naira 240,000, a shekara uku Naira 720,000. A ce wata rana ka nuna masa hoton kaya mai kyau ka aika masa da wanda ya fara lalacewa, ka ci rarar Naira 50,000. Ka sayar da 720,000 a kan 50,000 ke nan, ban da waɗanda zai gaya wa. A da labarin cuta yakan ɗauki makonni kafin ya zaga, yanzu hoton saƙonka da na ruɓaɓɓen kayan za su shiga zauren 'yan uwansa masu sana'a cikin minti ɗaya. Idan kuwa kuskure ne ya auku, wanda ya yi saurin amsa laifi ya musanya kaya yakan fito da ƙarin daraja.

Haɗuran Da Za A Kiyaye

Kada a saki kaya saboda an ga hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi, sai an duba asusu an tabbatar. Kada a karanta wa kowa lambobi shida da WhatsApp ke aikowa, domin da su ake ƙwace shafin mutum a roƙi abokan cinikinsa kuɗi da sunansa. A kunna tsarin tabbatarwa mai mataki biyu. Yana da kyau a yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a buɗe asusu da wannan suna, domin mai saye yakan tsorata idan sunan shago daban, sunan asusu daban.

Haka nan, dandalin ba naka ba ne. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Don haka a ajiye littafi mai ɗauke da sunayen abokan ciniki, da lambobinsu, da abin da ake bin kowa.

Daga ƙarshe, a raba lambar kasuwa da gardamar siyasa da yaɗa jita-jita. Mu da ke neman abinci a tsakanin wasu ƙabilu mun ga irin asarar da rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan ya jawo a Fabrairun 2021. Bidiyon da ba ka tabbatar da shi ba, kada ya fita daga wayarka, domin mai sayen kayanka yana kallo.

Aikin Wannan Mako

Mai karatu ya buɗe wayarsa ya duba abin da ya wallafa a kwana talatin da suka wuce, ya tambayi kansa: da ni baƙo ne, zan tura wa mai wannan shafi Naira 500,000 kafin in ga kaya? Sannan ya rubuta sunayen abokan cinikinsa goma mafiya muhimmanci, ya kira waɗanda suka kwana biyu ba su saya ba, ya gaishe su ba tare da ya yi musu talla ba. Allah Ya sa albarka a kasuwarmu, amin.