Rabe-Raben Tsirrai: Nazari Daga Ƙasar Fagam

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta yadda Bahaushe ya karkasa tsirrai da yadda masana kimiyya suka karkasa su. An ɗauko misalai daga Fagam, cikin ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa.

Rabon Bahaushe

Bahaushe yakan dubi siffa da amfani. Mai gangar jiki da rassa, kamar kuka da tsamiya da ɗorawa, shi ne itace. Mai bin ƙasa ko hawa danga, kamar duma da kabewa, shi ne yaɗo. Gamba da harƙiya kuwa ciyawa ne. Da yawa daga waɗannan sunaye J. M. Dalziel ya tattara su a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Rabon Masana

Su kuwa masana, tun daga aikin Linnaeus na 1753, sun fi dogara da fure da ƙwaya. Tsirrai masu fure sun kasu gida biyu manya. Na farko su ne masu ƙwayar da ba ta rabuwa, kamar gero. Jijiyoyin ganyensu a miƙe suke, saiwarsu kuma buzu-buzu. Na biyu su ne masu ƙwayar da ke rabuwa biyu, kamar wake. Jijiyoyin ganyensu kamar raga suke, kuma suna da uwar saiwa mai nutsewa.

A nan ne rabon biyu ya saɓa. Giginya da goriba da dabino itatuwa ne a wurin Bahaushe, amma a gida na farko suke tare da gero. Tsamiya da ɗorawa da gawo dangin wake da gyaɗa ne, shaidar ita ce kwanson 'ya'yansu. Haka kuma kuka, duk girmanta, dangi ɗaya take da auduga da kuɓewa da rama.

Amfanin Sanin Dangi

Wannan sani ba na aji kaɗai ba ne. Ƙudujin da ke kama dawa yana kama gero da masara, domin danginsu ɗaya, amma ba ya kama gyaɗa. Saboda haka manomin da ya sauya dawa da masara bai tsira ba, wanda ya sauya ta da gyaɗa kuwa ya rage ɓarna. Bugu da ƙari, ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar gyaɗa da wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Kammalawa

Kowane rabo da aikinsa: na Bahaushe yana nuna amfani, na masana yana nuna dangantaka. Ya kamata ɗaliban Hausa su rubuta sunayen tsirran garuruwansu daga bakin manoma da makiyaya da masu magani, domin itacen da sara ya ƙarar, sunansa ma yakan bi shi.