Hanji, hanta da ruwan ciki

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu yawan gaske, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunansu bakteri. Yawancinsu suna da amfani, suna taimakon hanji wajen narka abinci. Amma in suka fita daga hanji, sai su zama cuta.

Jinin da ya taso daga hanji yana bi ta hanta kafin ya isa zuciya. Nauyin hantar babban mutum wajen kilo 1 da rabi ne. Ita ce rariyar jiki. Tana tace jini, tana kama bakterin da suka ɓullo daga hanji, ta kashe su.

Hanta takan yi ciwo shekara da shekaru, har ta cika da tabo, ta yi tauri. Likitoci suna kiran wannan siroz. Ciwon hanta iri na B da na C, da yawan shan giya, su suka fi kawo shi. Jini ba ya ratsa hanta mai tauri da sauƙi. Sai ruwa ya taru, ciki ya kumbura kamar tulu. Bangon hanji ma ya yi rauni, bakteri su ƙetare shi. Hanta kuwa ba ta da ƙarfin kama su. Sai su shiga ruwan nan, su hayayyafa.

In mai kumburin ciki ya yi masassara, ko ciwon ciki, ko hankalinsa ya ruɗe, a kai shi asibiti a ranar, don jinkiri yana kisa. Likita zai ɗebi ruwan da allura, ya bincika shi, ya ba da maganin kashe bakteri. Kada a yi masa tsaga ko sakiya a gida, ƙazanta za ta ƙara shiga.

Rigakafi ya fi magani. Tun 2008 allurar jarirai a Nijar ta haɗa da ta ciwon hanta iri na B. Ana yin ta a sati na 6, da na 10, da na 14.

Tambayoyi
1. Ina ne wurin zaman bakterin da aka ambata?
2. Don me aka ce hanta rariya ce?
3. Waɗanne alamomi ne suke sa a gaggauta zuwa asibiti?
4. Sau nawa ake yi wa jariri allurar?