Amsar Tambaya: Me Ke Raunana Tsokar Dattawa?

Mai tambaya daga Kabo ya koka cewa mahaifinsa yana wahalar tashi daga tabarma. Likitoci suna kiran wannan rauni sakofeniya, wato zaizayewar tsoka saboda tsufa, wadda ke farawa bayan shekara 30, domin jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarni suna raguwa, zaruruwan naman da suka rasa su kuma suna shanyewa. Zaman da 'ya'ya ke tilasta wa dattijo don tausayi yana ƙara cinye ta. A bar shi ya taka zuwa masallaci da gona, a wadata shi da wake, awara, ƙwai da nono. Idan ramar ta yi sauri, a kai shi Babban Asibitin Gwarzo a auna sukarinsa.